A koya wa wanda ya rasa hannu yi wa kansa hidima

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan jaridarka, muna roƙon ɗan fili mu yi magana a kan waɗanda aka yanke wa hannu, da abin da ke jiransu a gida bayan sallama daga asibiti. Mu ma'aikatan sashen gashi da motsa gaɓoɓi ne. Da zarar ciwo ya warke, dangi sukan kasu biyu: masu fafutukar tara kuɗin hannun roba, da masu ɗauke wa majinyaci komai, har ba shi abinci a baki. Kowa da kyakkyawar niyya yake yi. Sai dai abin da mutumin ya fi bukata a watannin farko shi ne ya iya tsarki da alwala da wanka da sa tufafi shi kaɗai, kuma kayan da za su taimaka masa a kan haka, tela da kafinta da baduku da maƙerin unguwa duk za su iya yin su.

A ƙasar nan abubuwan da ke cin hannu sanannu ne: hatsarin babur da mota, injin markaɗe da na casar hatsi, wayar lantarki, harbin bindiga, saran kububuwa da aka makara wajen kaiwa asibiti. Sai wanda ya fi ciwo a rai, wato ɗorin da aka ɗaure tamau. Yaro ya faɗo daga bishiyar mangwaro ya karye dab da gwiwar hannu, a jera masa karare a ɗaure, hannun ya kumbura a cikin ɗaurin, jini ya daina wucewa, nama ya mutu. Duk wanda aka yi wa ɗori sai yatsunsa suka kumbura, suka yi sanyi, suka canza launi ko suka daina ji, ko yana ihu idan an miƙar da su, a kwance ɗaurin nan take a nufi asibiti a ranar. Awoyi kaɗan sun isa a rasa hannun.

Mu fara da dungun kansa, domin duk abin da za a koya daga baya a kansa ya dogara. Bayan tiyata yana kumbura, kuma bandeji mai roba ne ke sauke kumburin ya ba shi siffa. Mai faɗin inci 3 ya dace da wanda aka yanke ƙasa da gwiwar hannu, mai inci 4 kuma da wanda aka yanke sama da ita. Ana naɗawa ne a karkace, zagaye yana gicciye zagaye kamar lamba 8, a matse sosai a ƙarshen dungu, a riƙa sassautawa ana hawa sama. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kewaya shi a miƙe, a kuma matse ta sama don kada ya zame. Wannan yana tare ruwa a ƙasa, ƙarshen ya yi kumburi kamar kan taɓarya, kuma irin wannan dungu ba ya shiga hannun roba. In yankan na sama da gwiwa ne, a zagaya da bandejin ta ƙirji a bi ƙarƙashin ɗaya hammatar, shi zai riƙe shi. A kwance bandejin a duba fata a sake naɗawa duk bayan awa 4 zuwa 6, dare da rana, ban da lokacin wanka. A maƙale bakinsa da filasta, a bar fil da ƙananan ƙarafan da ke zuwa da shi, suna yaga fata. A tanadi guda biyu, ana wanke ɗaya ana amfani da ɗaya, kuma a shimfiɗe a inuwa ake shanya shi ba tare da an murɗe ba, in ba haka ba robar ta saki. Kowane mako a auna kaurin dungun da tef ɗin tela a wuri guda a rubuta. Ranar da awon ya tsaya cak na wasu makonni, ya kai a auna masa hannun roba.

Ja da ke yaɗuwa, mugunya, wari, zazzaɓi, ko fatar ta fara baƙi, duk na komawa asibiti ne, musamman ga mai ciwon sukari. Kada a barbaɗa wa ciwon da bai rufe ba garin magani ko toka. A kuma yi hattara da gashin ruwan zafi, don fatar wurin ba ta ji sosai, sai ta ƙone mai ita bai sani ba. Bayan an cire zare fata ta haɗe, man kaɗanya yana da amfani: a shafa da dare, a murza tabon da yatsa a kewaye na minti 5 don kada fata ta manne da ƙashi. Dungun da ke zabura da an taɓa shi kuwa sai an saba masa da taɓawa. A fara goga masa auduga, bayan kwanaki a koma tsohuwar atamfa mai laushi, sai tawul, sai buhu, daga ƙarshe a riƙa cusa shi a cikin kwanon gero ana juyawa. Sau 3 ko 4 a yini, minti biyar-biyar. In akwai wuri ɗaya tak da ke ba da zafi kamar jan lantarki idan an danna, yawanci ƙarshen jijiya ne ya ƙulle, a nuna wa likita.

Gaɓoɓin da suka rage ma suna sandarewa idan an bar su. Mutum yakan rungume dungunsa a jikin ƙirji don tsoron a buge shi, bayan 'yan makonni gwiwar hannu ta ƙi miƙewa, kafaɗa ta ƙi ɗagawa. Da izinin likita, tun a makon farko a fara ɗaga dungu gaba, gefe da baya, a juya kafaɗa, a miƙar da gwiwa har ƙarshe a lanƙwasa, kowanne sau 10, sau 3 a yini. Hannu guda tun daga kafaɗa yana kai kusan kashi 5 cikin 100 na nauyin jiki, kimanin kilo 3 ga mai kilo 60. Rashin wannan nauyi shi ke sa kafaɗar ɓangaren ta ɗage sama, wuya da baya su riƙa ciwo, mutum ya riƙa tangaɗi wajen tashi daga tsugune. Tsayawa gaban madubi a daidaita kafaɗu biyun kullum yana gyara wannan.

Akwai kuma abin da majinyata ke ɓoyewa don kada a ce sun zautu: jin hannun da aka yanke yana nan, yatsu na ƙaiƙayi, ko an dunƙule su da ƙarfi, ko suna ƙuna. Mafi yawan waɗanda aka yanke wa gaɓa suna jin haka. Ƙwaƙwalwa ce ba ta riga ta goge hannun daga lissafinta ba, babu ruwan aljanu ko sammu, kuma kuɗin da ake kashewa wajen neman karya asiri gara a kai su asibiti. Naɗin bandeji da tausa suna rage shi. Akwai dabarar madubi, wadda wani likitan ƙwaƙwalwa a Amurka, Ramachandran, ya fito da ita a shekarun 1990: a tsayar da madubi a kan tebur a gaban ƙirji, fuskarsa na kallon hannu mai lafiya, dungu na ɓoye a bayansa. Mutum ya zuba wa hoton hannun ido, yana buɗe yatsu yana rufewa a hankali, yana ƙudurta cewa duka biyun ke motsi. Minti 15 kullum na 'yan makonni. Wasu tana yi musu sosai, wasu ba ta yi, wanda ta tayar wa hankali ya dakata. Ciwon jijiya yana da magungunansa da likita ke rubutawa, kuma muna jan kunne a kan sayen tiramadol a kemis: ana fara shi don ciwo, a wayi gari an kasa rabuwa da shi. A lura da dare, domin mai magagin barci yakan miƙa hannun da babu shi zai dafa, ya faɗi a kan dungu.

To, sai ayyukan yau da kullum. Duk aikin da ake yi da hannu biyu, in ka lura, ɗaya ne ke aikin, ɗayan riƙewa kawai yake yi. Saboda haka tambayar da za a riƙa yi a kan kowane aiki ita ce: me zai riƙe mini wannan? Gwiwoyi, tafin ƙafa, hammata, haɓa, bango, ƙusa, da dungun kansa, duk masu riƙo ne. Haƙori ma yana riƙo, amma a bar shi ga tufafi da abu mai laushi. Masu buɗe kwalba da jan igiya da haƙori, bayan 'yan shekaru sai ga giɓi da ciwon muƙamuƙi.

Bayan gida ne wurin da mutum ya fi jin ƙasƙanci in sai an taimaka masa, don haka da shi ake farawa. Buta hannu biyu take so, mai zubawa da mai wankewa. Wanda yankansa ke ƙasa da gwiwa zai iya zura dungu a hannun ƙaramar buta ya maƙale ta a lanƙwasar gwiwa, ruwan ya tsaya rabi don nauyi. Wanda ba shi da wannan, a sama masa bokiti mai famfo a ɗora a kan bulo uku ko kujera, a sa wa famfon mesa mai tsawon kamar mita ɗaya, a ɗaure bakinta a jikin ɗan ƙarfe da aka kafa a gefen masai, daidai inda ruwan zai sauka. Ya buɗe famfo, ruwa na zuba, hannunsa na aiki. A kafa ƙarfe ko katako mai ƙwari a bango ta ɓangaren hannu mai lafiya don dafawa, tsoho kuwa a yi masa kujera mai rami. Tunda yanzu hannun da ke tsarki shi ne ke kai loma baki, wanke shi da sabulu ya zama dole a kowane fita, in ba haka ba taifot da gudawa ba za su bar gidan ba. Ga yadda hannu ɗaya ke wanke kansa: a jefa sabulu a cikin tsohuwar safa ko ragar soso a rataye a ƙusa, a kuma kafe buroshi a bango da gashinsa a waje. Ya murza sabulun, ya goga yatsu da farce a buroshin, ya ɗauraye.

Wajen alwala, jarkar da ake takawa ta fi komai sauƙi. A sami jarka mai lita 5, a ƙona ƙusa a huda ta kamar santimita 2 ƙasa da murfi, ta ɓangaren da ke nesa da mariƙi. A kafa sanduna biyu masu gwafa, a gicciya na uku ta cikin mariƙin jarkar. A ɗaura igiya a wuyanta, ɗaya bakin igiyar a ƙarshen wani sanda mai tsawon mita ɗaya da ke kwance a ƙasa, ƙarshen ya ɗan ɗago. In aka taka sandan jarka ta sunkuya ruwa ya tsiyayo, in aka ɗage ƙafa ya tsaya. Hannu mai lafiya ana cuɗa shi da dungu ko a jikin gwiwar ƙafa, kunnuwa a shafa ɗaya bayan ɗaya. Malamai sun bayyana cewa wanda aka yanke ƙasa da gwiwar hannu zai wanke abin da ya rage, wanda aka yanke sama da ita kuwa wankin wannan gaɓa ya faɗi a kansa, haka nan mai lalura babu laifi ya ci da hagu ko ya yi tsarki da dama. Muna roƙon limamai su riƙa faɗin wannan a fili, don akwai masu ƙaurace wa cin abinci cikin jama'a da zuwa masallaci saboda kallon da ake yi musu. Wajen sujada a fara kai gwiwoyi ƙasa sannan hannu, kuma kada a ɗora nauyi a kan ƙarshen dungu kafin ya warke sarai.

Wanka a zaune a kan kujera 'yar tsugune ya fi aminci. Dogon soson raga shi ne abokin tafiya: a ɗinka masa hanci a baki ɗaya a maƙala a ƙusa, a ja ɗaya bakin, a goga baya da shi. Hannu mai lafiya da hammatarsa su ne masu wuyar kaiwa. A shimfiɗa soso mai kumfa a kan cinya ko gwiwa a goga hannun a kai, hammata kuma a ɗaga gwiwar ƙafa da soson a kanta a cusa. Tawul da man shafawa ma haka, a kan cinya. Dungu a wanke shi kullum a tsane shi sosai, a duba ƙarshensa da ƙaramin madubi, don gumin bazara yana kawo ƙuraje, hunturu kuma yana tsaga fata. Farce: a ɗaure abin yankan farce da sukuru a kan katako, a ƙara wa mariƙinsa tsawo da ɗan itace, a danna da dungu ko da ƙafa. Wanda bai samu ba ya manna samfefa a gefen tebur ya riƙa gogawa. Buroshin haƙori a danne shi da dungu ko a riƙe mariƙin a baki kafin a matsa man, asuwaki kuwa ba ya bukatar wata dabara.

Ƙa'idar sa riga guda ce: dungu ke fara shiga, shi ke fita a ƙarshe. A shimfiɗa kaftani a cinya, a zura dungu a tura hannun rigar har kafaɗa, sannan kai, sannan hannu mai lafiya. Wajen cirewa a kama wuyan rigar ta baya a ja ta kai, a zare hannu mai lafiya, sai a tuɓe daga dungu. In aka fara da hannu mai lafiya, rigar za ta maƙale a baya babu mai jawo ta. Maɓallin hannun riga na ɓangaren lafiya ba ya ɓalluwa da hannu ɗaya, sai tela ya ɗinke shi da zaren roba, hannu ya riƙa wucewa yana ɓalle. Hannun rigar da ba kowa a ciki a naɗe a ɗinke ko a rage shi, don yana lasar wuta a murhu, bel ɗin inji kuma yana fizgarsa. Babbar riga tana zamewa ta kafaɗar da aka yanke, ɗinki biyu a kan naɗin kafaɗar ya isa. Wando a cire mazagi a sa roba, a zura ƙafafu a zaune, a miƙe a jingina ƙugu da bango yana riƙe gefe ɗaya ana jan ɗayan.

Mata aikinsu ya fi yawa a nan. Zani ana soke bakinsa na farko a ƙugun siket na ciki ko a danne shi da bango, a zagayo da ɗayan a soke. Amma zanin da za a yi aiki ko a shiga kasuwa da shi gara tela ya sa masa roba ko maɗauri mai mannewa irin na takalman yara. Ɗankwali a ɗaura shi a kan gwiwar ƙafa, a kama ɗaurin da ɗinki, ya zama kamar hula. Rigar mama a maƙala ta tukuna sannan a sa ta ta kai, ko a nemi mai maɓalli a gaba. Goyo shi ne abin tsoro, domin ƙullin majanyi da hannu ɗaya ba ya ƙwari. A kai wa tela zani mai kauri ya sa masa maɗaurai biyu masu ƙarfen maƙalawa irin na jakar makaranta, ɗaya a ƙirji ɗaya a ƙugu. Uwa ta shimfiɗa zanin a jikin filo a bakin gado, ta zaunar da yaron da wuyansa ya riga ya tsaya, ta ba shi baya ta matso, ta jawo gefe ɗaya ta danne da hammata ko haɓa, ta jawo ɗayan ta maƙala. A yi ta gwadawa a kan katifa da wani a kusa kafin a fita tsakar gida. Wankan jariri a ƙasa ake yi, a shimfiɗa tawul a cikin baho, ruwa kaɗan.

Cin abinci bai cika wahala ba, tunda dama tuwo da hannu ɗaya ake cinsa. Kwano ne ke gudu, sai a ɗora shi a kan jiƙaƙƙen tsumma. Ƙwaryar fura a zaunar da ita a kan gammo ko tsakanin gwiwoyi a dama. Nama a yanka ƙanana tun kafin a dafa. Wanda hannu ɗayansa ke yin komai, cokali ya fi masa.

A madafa, kafinta ya yanko katako mai kauri, kamar santimita 30 da 25, ya buga ƙusoshi uku marasa tsatsa ta ƙasa, tsininsu ya fito sama kamar santimita 4, a jere kamar duwatsun murhu. A nan ake soke albasa, doya ko dankali a yanka ko a fere. A kusurwa ɗaya ya kafa 'yan katakai biyu su yi lungu, don tare burodi ko abin goga kuɓewa. Ƙusa mai tsatsa tana ɓata abinci, kuma in ba a aiki a kife wa tsinin gwangwani saboda yara. Alayyafo da yakuwa almakashi ya fi wuƙa. Kwalin ashana a danne shi da ƙafa ko a manna a bango. Tuƙin tuwo kuwa, matan Gana suna da dabarar da ta dace: rodi biyu masu ƙugiya a baki, a maƙala a kunnuwan tukunya, ɗaya bakin ya kwanta a ƙasa, mai tuƙi ta zauna ta taka su da ƙafafu. Tukunya ba ta motsi, muciya na aiki. Kowane maƙeri zai lanƙwasa su. A rage yawan tuwon a tuƙa sau biyu, ya fi a karya kafaɗa a kan babbar tukunya. Daka a bar wa inji.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma akwai ayyukan da maganar ta hau kansu daidai. Sauke tukunyar tafasasshen ruwa ko mai daga wuta na ciki: a kwashe da moɗa ko ludayi har ta yi sauƙi, taliya a tsame da matsami. Jan guga a rijiya mai zurfi ma haka, don babu hannun da zai tare igiya in ta suɓuce, kuma masu naɗe ta a wuyan hannu ko a dungu suna sayen faɗawa ciki. Jarka mai lita 25 kilo 25 ce, a raba ta gida uku ko a tura a baro. Wanki ana iya tattaka shi da ƙafa a baho, a zagaya tufa a jikin turke ko famfo a murɗa don matsewa. Dalilin duk wannan taka-tsantsan shi ne hannun da ya rage ba shi da mataimaki. Bayan shekaru yana aikin biyu, sai kafaɗa ta fara ciwo, yatsu su riƙa mutuwa da dare saboda jijiyar wuyan hannu ta matse. Wanda ya fara jin haka ya je a duba shi da wuri. Kaya kuma a koma jakar goyo da ɗauka a ka.

Wanda ya rasa hannun da yake rubutu da shi zai koya da ɗayan. A danne takarda da dutse ko a maƙale ta a allo, a fara da layuka da da'ira da manyan baƙaƙe, minti 15 safe da yamma, da biro mai kauri. Makonni kaɗan rubutu zai karantu, sauri ne ke ɗaukar watanni. A je banki a sabunta sa hannu tun kafin a ƙi biyan mutum kuɗinsa. Na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS da aka yi zaɓen 2023 da ita tana tantancewa da fuska, saboda haka rashin yatsu ba ya hana zaɓe. Ga manomi da mai sana'a, baduku zai ɗinka ɗamarar fata mai faɗin yatsu uku da za ta zagaye dungu, da aljihu ko zobe a jiki, a soka cokali, biro, ko ƙotar fartanya mai tsawo. A sa safa ta auduga a ƙarƙashi, a cire a duba fata bayan rabin awa a kwanakin farko. Kada a taɓa ɗaure dungu a jikin inji ko igiyar dabba. Babur kuwa totur da birkin gaba suna dama, kuloci yana hagu, don haka hawansa da hannu ɗaya ba tare da an sauya masa tsari ba ganganci ne, balle a ɗauki fasinja. Mota mai canza giya da kanta, da ɗan mariƙi a jikin sitiyari, ita ta fi dacewa.

Hannun roba iri uku ne. Akwai na ado, wanda ba ya motsi amma yana cika hannun riga, yana danne takarda, kuma ga wasu shi ke ba su ƙarfin fita cikin mutane. Akwai mai waya irin ta birkin keke da maɗauri a kafaɗa: in mutum ya tura kafaɗa gaba, ƙugiya ko yatsu su buɗe. Ba shi da kyan gani, amma shi ne na aiki, yana jure ƙura da gumi, kuma ana gyara shi a nan gida. Sai mai batir, wanda ke karanta motsin tsokar dungu. Shi ne ake gani a bidiyo ana sha'awa, ga tsada, ga nauyi, ba ya son ruwa da ƙura, gumi na rikita shi, kullum yana neman caji, in ya lalace kuma kayansa sai daga waje. Kada a sayar da gona a kansa. Ko wanne iri ne, a jikin mutum ake aunawa a ƙera soket, wato gurbin da dungu ke shiga, don haka wanda aka yi oda ta intanet ko aka gada daga wani ba zai zauna ba, sai dai ya ci fata. Wanda aka sa wa da wuri ya fi sabawa da shi, wanda kuwa ya shekara yana komai da hannu ɗaya, ko aka yanke shi can sama, sau da yawa yakan rataye shi a ƙusa, kuma ba laifi ba ne. Yaro yana girma ya fi ƙarfin nasa hannun robar, wani lokaci ma ƙashin dungun ya yi tsini ya nemi huda fata, sai an sake ɗan aiki. Ana ƙera hannun roba a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, da na Igbobi a Legas, da na Inugu, da cibiyar da ke Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri wadda ƙungiyar Red Cross ta ƙasa da ƙasa ta tallafa wa.

Ga iyali kuma: a ɗauki aiki ɗaya a mako, a fara da bayan gida, sai wanka, sai tufafi. A ba shi lokaci, rigar minti ɗaya za ta ci minti goma da farko, mai kallo ya haɗiye tausayinsa ya bari sai an nemi taimako. Yaro ya koma makaranta da zarar ciwo ya warke, a ja kunnen masu tsokana, kada a miƙa masa ƙoƙon bara. Baƙin ciki na makonni ba abin mamaki ba ne. Amma wanda ya daina ci, ya daina barci, ya kulle kansa a ɗaki, ko ya fara cewa gara mutuwa, a kai shi ga likita, kada a tsaya a kan ba shi haƙuri kawai. Haɗa shi da wani da ya daɗe da rasa hannu yana sana'arsa yakan yi abin da bakinmu ba ya yi.

A ƙarshe, Malam Edita, dokar hana nuna wariya ga masu bukata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, muna fatan jaridarka za ta riƙa bin diddigin wannan. Roƙonmu ga asibitocin da ke yin wannan tiyata shi ne kada a sallami kowa sai an nuna masa da ɗan'uwansa guda naɗin bandeji, sun yi a gaban ma'aikaci an gani, an kuma rubuta masa ranar zuwa sashen gashi a katinsa.

Mun gode da ba mu fili. Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan sashen gashi da motsa gaɓoɓi,
Kano.